Idon Mota da Idon Mai Mota

Ranar da Malam Attahirou ya tsiyaya shayi a kan tabarma yana zaton cikin kofi yake zubawa, mutum huɗu ne a tsakar gidan nan na unguwar Tayuri, kuma duk huɗun sun gani. Matarsa Hassia ta kau da kai ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ƙaramin ɗansa Abdoul Razak ya ƙunshe dariya ya mai da ido kan waya. Babban ɗan, Zabeirou, ya ce kofin ne ya cika ƙanƙanta. Hindatou, matar Zabeirou, ita kaɗai ta ji gabanta ya faɗi, ita kuwa ba ta da bakin magana, don suruka ce. Shekara uku ke nan da aka kawo ta nan Sabha, ƙasar Larabawa, daga Madawa, ba ta taɓa haɗa ido da tsohon ba, ba ta taɓa kama sunansa ba. In za ta ba shi abinci, durƙusawa take daga nesa ta ajiye kwano ta tashi. Da wannan kunya ake yabonta a unguwa.

Ba a ranar ta fara gani ba. Ta daɗe tana lura da yadda yake lalubar takalmi da ƙafa, da yadda kafaɗarsa ta dama ke bugun ƙyauren gida kusan kullum. Bayan la'asar yakan dafe goshi, ya daɗe bai ɗago ba. Abin da ya hana ta sakat shi ne, wannan mutum da ba ya ganin kofi a gabansa, shi ke tashi kafin assalatu ya ja tsohuwar bashe, motarsa mai buɗaɗɗen baya, ya nufi gonakin Zighan cikin duhu, ya ɗauko tumatir da albasa da ciyawar dabbobi ya kawo kasuwa. Da marece ya sake yin sawu ɗaya, ba ya dawowa sai bayan magariba. Daga wannan zirga-zirga gidan duka ke ci.

Ta sami mijinta a ɗaki, ta sassauta murya ta ce, "Abban Anissa, don Allah a kai Baba a duba ido."

Zabeirou ya ce ai shi ma ya lura, gobe-goben nan zai yi maganin abin. Har ta ji sanyi a ranta, ta yi masa addu'a.

Kashegari ya karɓi makullin bashe ya tafi da ita warsha, garejin da yake aiki a unguwar Sukra, inda yake sa wa motocin 'ya'yan masu hali fitilu da baƙin gilashi. Da la'asar ya dawo yana washe baki, ya kira kowa ƙofar gida. Ya nuna tsofaffin ƙwayayen fitila da ya cire, masu jan haske kamar aci-balbal, halojin in ji shi, kayan mutanen da. Ya ce ya sa na zamani, LED, farare tas, waɗanda ke mai da duhu rana. Sannan ya dubi matarsa ya ce, "To, ga ido nan an gyara."

Hindatou ta ɗauka wasa yake yi. Da ta ga ba wasa ba ne, ta ja shi gefe ta ce ita idon Baba ta ce, ba idon mota ba. Ya ce ai duk ɗaya ne, direba da idon motarsa yake gani, in hanya ta haskaka ko allura ce ta faɗi tsoho zai gan ta. Ya ƙara da cewa ta daina tsoma baki a sha'anin maza.

Kada wani ya ce bai fahimta ba. Wallahi ya fahimta sarai. Kalmar ce ta buɗe masa ƙofa, ya bi ya sulale. In aka kai tsoho wurin likita, likita zai ce ya ajiye tuƙi. In ya ajiye tuƙi, dole ɗaya daga cikin ƙattin nan biyu ya riƙa barin katifa kafin kiran salla. Abin da ake gudu ke nan, ba wani abu ba, shi ya sa aka bar jaki ana dukan taiki.

Da magariba ta yi, Malam Attahirou ya juya motar ta fuskanci katangar maƙwabta ya kunna. Shekara talatin yana tuƙi, ya san yadda hasken kirki ke sauka: yakan yanke a bango daidai ƙugun mutum, sauran ya kwanta a ƙasa. Wannan kuwa ya watsu ko'ina, ya hau rufin kwano da wayoyin lantarki, ya bar ƙasa dishi-dishi. Bai yi wa Zabeirou magana kai tsaye ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kamawa. Ya ce wa Hassia ta gaya wa yaron nan, kwanon da ke bayan ƙwan fitila an ƙera shi ne don tsohon ƙwai mai zare, shi yake tattara haske ya shimfiɗa a hanya, sabon bai zauna masa daidai ba. Ya ce kuma farin hasken nan sukar ido yake masa. Saƙon ya bi ta bakin Hassia, kafin ya isa ya zube rabi. Zabeirou ya ce tsofaffi haka suke da sabon abu, kwana biyu zai saba. Ya ɗauki hoton motar da waya ya sa a shafinsa, ya rubuta cewa ko motar mahaifinsa shi ya mai da ita yarinya. Mutane suka yi ta sa masa albarka.

Gyaran gangar Auzinawa aka yi. Sati bai cika ba tsoho ya fara dawowa ido jajir yana zubar da ruwa. Daga madafa Hindatou ta ji yana gaya wa Hassia cewa duk motar da ta taho daga gaba sai ta dallare shi da babbar wuta, don suna zaton da gangan yake kashe musu ido. Manyan motoci har hon suke danna masa. Wani ma ya sauke gilashi ya zage shi ta uwa ta uba, shi da furfurarsa. Ya ce in aka dallare shi sai ya ga zobba masu launi kewaye da kowace fitila, daga nan sai fari fat, ya ƙanƙame sitiyari yana salati har motar ta wuce. Hassia ta ce tsufa ne, kowa da irin yadda yake zuwar masa. Ta ɗauko kwalli ta haɗa da zuma ta zizara masa, ta ce da shi kakarta ta kai casa'in tana zura zare a allura.

Hindatou ta koma wa mijinta, ta ce to a bar Abdoul Razak ya riƙa tuƙa motar mana, Baba ya zauna a gefe. Nan aka kawo mata zancen bawwaba, shingen masu bindiga da ke bakin gari. Aka ce sun san tsoho, da sun hango shi sai su ɗaga masa hannu ya wuce, amma saurayi baƙo in suka tare shi sai abin da Allah ya yi. Akwai gaskiya a maganar, shi ya sa ƙaryar da ke cikinta ta yi ƙarfi. Wannan Abdoul Razak ɗin duk Juma'a yana ƙetare shingen nan cikin motar abokai, su je gashin nama a rairayi, ba wanda ya taɓa cewa da shi kanzil. Shi kuwa Zabeirou takardunsa na zaman ƙasa cif suke. Nasa uzurin shi ne warsha ba ta tafiya sai da shi, ga kuma ciwon baya da ke tasar masa duk lokacin da aka ambaci Zighan.

Wata rana tsoho ya goge gefen dama na motar a jikin wani shingen siminti a bakin kasuwa, madubi ya tashi. Ya dawo, ya zauna, bai ko cire hula ba. A ranar ne ya yi abin da bai saba ba. Ya faɗa a gaban kowa, ba ta bakin kowa ba.

"Idon nan na dama ya fara ƙin aiki. Ina son in ga likita."

Zabeirou ya sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu, amma yanzu kakar dabino ce, mai gona ba zai yarda a fasa ko sawu ɗaya ba, in aka fasa zai ba wani, a bari kaka ta wuce. Sannan ya ce shi a ganinsa hasken ne bai isa ba. Kwana biyu tsakani ya ɗaura wa motar doguwar sandar fitila a kan rufi, bashe ta koma kamar rumfar biki. Kakar dabino ta wuce, aka ce sanyi ya yi yawa, layin asibiti ba ya biyuwa. Sanyi ya wuce, aka ce bayan azumi. Shi kuma tsoho, da tasa zuciyar ta maza, bai sake maimaitawa ba. Ya roƙi 'ya'yan cikinsa sau ɗaya, yana ganin na biyu bara ne.

Hindatou ta riƙa ƙirga masa taku. Ta kwashe turmi da bokiti daga hanyarsa. Ta koma ajiye masa kwano ta hagu, tana ɗan buga murfin don ya ji inda yake. Ta ga ya daina karanta Alƙur'aninsa, sai ya buɗe ya ɗora a cinya yana karantawa da ka. Ta ga jikarsa Anissa ta rugo ta dama ta rungume shi, ya zabura kamar an watsa masa ruwa. Duk ta gani, ba ta ce komai ba, don an koya mata cewa surukar kirki ba ta ɗaga ido. Takan shiga madafa ta yi kuka, haushin mijinta na cinta, haushin kanta ya fi.

Ran nan hantsi ya yi bai dawo ba. Masu kayan miya suka yi ta kiran wayar Zabeirou suna faɗa. Sai wajen ƙarfe goma wani mai tirela ɗan Tawa, Soumana, ya tsaya a bakin lungu, ya shigo riƙe da hannun tsoho, yaran motarsa kuma suka janyo bashe da igiya. Ya ce wajen Samnu, a kan hanyar Zighan, ya same shi, motar ta sauka daga kwalta ta nutse a yashi, taku biyu tsakaninta da turken lantarki. Fitilu duka na ci da rana tsaka, tsoho kuwa na zaune a ƙasa ya jingina da taya. Wata babbar mota ce ta dallare shi tun da asuba yana kan dawowa da kaya, ya rasa inda kwalta take. Ya zauna yana jiran gari ya waye ya gani. Gari ya waye ta hagu, ta dama bai waye ba.

Abin da ya biyo baya shi ya ƙarasa ƙona ran Hindatou. Zabeirou ya yi wa Soumana godiya, ya fita ya zagaya motar, ya durƙusa yana shafa gilashin fitila ko ya tsage. Abdoul Razak ya leƙa baya ya ce tumatir ya fara laushi, a yi maza a kai. Hassia ta ce Allah ya kiyaye, za ta yi sadakar masa. Da Zabeirou ya dawo ciki ya ce Baba ya huta yau, gobe sai ya riƙa tafiya a hankali, ya riƙa bin gefe.

Gobe. Da kunnenta ta ji ya ce gobe.

Ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta ja mayafi, ta ratsa tsakar gida. Ba ta durƙusa daga nesa ba. Ta zo gabansa daf ta tsuguna, ta ɗaga kai ta dubi fuskar surukinta, karo na farko a rayuwarta. Idon dama a buɗe yake, ja, yana kallon wani wuri da ba kowa.

Ta ce, "Baba, tashi mu je wurin likita."

Hassia ta saki salati, ta ce ke lafiyarki kuwa, surukinki ne fa kike tsare da ido haka. Zabeirou ya miƙe ya ce in ta taka ƙofar gidan nan ba da izninsa ba, ta san sauran. Hindatou ba ta juyo ba. Ta ɗaga murya, kowa ya ji.

"Wata bakwai ina kunya. Kuna cin guminsa, ni ina kunya. Ta isa haka."

Tsoho ya lalubo takalminsa da ƙafa, ya miƙe, ya miƙa mata hannun riga. Ta kama bakin hannun rigar, suka fita. Matan lungu suka leƙo ta kan katanga, wata ta ce yau ga abin da ba a taɓa gani ba, suruka na jan suruki kamar akuya. Ta ji, ba ta tsaya ba, har suka kai bakin titi ta tare tasi.

Sun yi layi har azahar. Likitan ido, wata mata Balarabiya mai gilashi, ta zaunar da shi, ta rufe masa idon hagu da tafin hannu, ta haska na dama da 'yar ƙaramar tocila. Ta tambaye shi ko yana ganin haske. Ya ce a'a. Ta matso da ita har ta kusa taɓa gashin ido. Ya ce a'a. Ta koma na hagu, ya ce yana gani, amma kamar ta cikin bututu. Ta gwada da na'ura, ta yi rubutu, ta tambayi tun yaushe. Da ya gaya mata, ta ajiye biro ta dube su.

Larabcin Hindatou na kasuwa ne, amma ya ishe ta ta gane. Ruwan cikin ido ne ya yi yawa yana danne jijiyar gani har ya kashe ta. Na dama ya tafi, ba aiki ba magani da zai dawo da shi. Na hagu saura kaɗan, za a iya riƙe abin da ya rage da maganin ɗigawa safe da yamma, muddin ba a fasa ba, tuƙi kuwa an gama shi har abada. Tsoho ya ba ta labarin fitilun. Ta ce farin hasken ya wahalar da shi, ya kusa kashe shi a hanya, amma ba shi ya ci idon ba, jinkiri ne. Da an kawo shi tun da ya fara ganin zobban nan, da 'yar kwalbar maganin nan ta isa ta riƙe masa ido biyu. Ta tambaya ko ba shi da kowa ne a garin. Ya ce yana da 'ya'ya maza biyu.

Da suka dawo, gida ya cika da 'yan jaje, don Soumana ya baza labari a masallaci. Ana ta zagayawa da uzuri kamar shayi. Hassia na gaya wa mata cewa ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba mai gogewa. Abdoul Razak na cewa ai Baba bai nuna musu abin ya yi tsanani haka ba. Zabeirou na cikin maza yana rantsuwa cewa shi ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙwayayen da ya sa wa motar nan babu irinsu a duk Sabha. Ba wanda ya ce masa ƙarya yake, har wasu na gyaɗa kai. Haka ake yi. A ci mutum da ransa a cikin gidansa, in ya faɗi a ce Allah ne, kamar Allah ne ya ce a bari sai bayan kakar dabino. Matar da ta kai shi asibiti kuwa ba wanda ya ce mata sannu. Mijinta ko kallonta bai yi ba, uwar mijinta ta ce a tambaye ta inda ta baro tarbiyyarta.

Hindatou ta shimfiɗa wa tsoho tabarma a inuwa, ta zaunar da shi. Ya gaya wa mutane abin da likita ta ce, bai ƙara ba bai rage ba, har zancen 'yar kwalbar. Malam Zulkifli, limamin unguwa, ya yi gyaran murya ya ce abin da ya wuce ya wuce, yara su matso su nemi gafarar mahaifinsu, a rufe maganar a nan.

Zabeirou ya matso ya durƙusa ta hannun daman uban, ya marairaice murya yadda kowa zai ji. "Baba, a yafe mana."

Tsoho bai juya ba. Ya ce, "Wane ne?"

Ya san muryar, kowa ya san ya sani. Zabeirou ya ce shi ne.

"Zagayo ta hagu. Ta nan ba zan ƙara ganinka ba har in koma ga Allah."

Zabeirou ya tashi a gaban jama'a, ya zagaya ta bayan tabarma, ya sake durƙusawa. Tsoho ya karkata kai, ya kafa masa ɗan abin da ya rage na idon hagu. Ya daɗe yana dubansa, har liman ya fara motsi a zaune, har Hassia ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya ce, "To, na gan ka."

Jama'a suka yi ta jiran sauran maganar. Ba ta zo ba. Ya juyar da kai wajen madafa, ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Ɗiyata, lokacin maganin nan bai yi ba?"

Hindatou ta wanke hannu, ta fito da kwalbar, ta ratsa tsakanin maza ta tsaya a kansa. Zabeirou na nan durƙushe a inda za ta tsaya, sai da ta ce masa ya matsa.